Yadda ake nazarin kwandalar senti 50 ta Niyu Zilan mai hoton jirgin Endeavour

Wanda ya taɓa riƙe tsohon kwabo 25 na Najeriya, mai dalar gyaɗa a bayansa, ya san cewa ƙasa ba ta ɗora hoto a kan kuɗinta sai ta zaɓi abin da take so a riƙa tunawa da shi kullum a kasuwa. Ƙasar Niyu Zilan, da ke can kudu maso yammacin tekun Fasifik, ta zaɓi jirgin ruwa na katako mai filafilai, wato Endeavour, wanda James Cook, matuƙin jirgin ruwa ɗan Birtaniya, ya jagoranta tsakanin 1768 da 1771, ta sa shi a bayan kwandalarta ta senti 50 tun daga 1967, kuma har yau da ita ake ciniki. Wannan jagora ta mutumin da irin wannan kwandala ta faɗo hannunsa ce, ko a tsarabar wani matafiyi, ko a tarin tsofaffin sulalla, ko kuma malami ne da ke neman abin nuna wa ɗalibai a darasin tarihi. Za a bi ta daki-daki, daga tantance ƙarfen har zuwa fahimtar abin da hoton ya nuna da abin da ya bari.

Mataki na ɗaya: tanadi kayan aiki

Ba a buƙatar kaya masu tsada. A nemi ƙyalle mai laushi a shimfiɗa a kan tebur, domin kwandalar da ta suɓuce ta faɗi a kan siminti takan samu tabon da ba ya gyaruwa. A nemi gilashin ƙara girman abu, ko wayar hannu mai kyamara mai kyau, da rula mai milimita, da ɗan maganaɗisu irin wanda ake cirewa daga lasifikar tsohuwar rediyo. Idan da hali, a je wurin maƙerin zinariya a roƙi ya ɗora ta a kan ƙaramin sikelinsa, domin sikelin kicin ba ya kama ɗigon giram. A riƙa riƙe kwandalar ta gefe, tsakanin babban yatsa da manuniya, saboda zufar hannu tana barin shaidar yatsa a fuskar ƙarfe, kuma idan ta daɗe ba ta fita.

Mataki na biyu: tabbatar da ƙasa da shekara

A fara da fuskar da ke da kan sarauniya. Za a ga an rubuta ELIZABETH II da NEW ZEALAND, da kuma shekara. Wannan dubawa ba ɓata lokaci ba ce, domin ƙasashe da yawa sun buga kuɗi da kan wannan sarauniya, kuma wasu daga cikinsu sun sa jirgin ruwa a baya. Tsohon rabin peni na Birtaniya, wanda aka buga daga 1937 zuwa 1967, yana da jirgi mai filafilai, amma jirgin Golden Hind ne na Francis Drake, kuma kwandalar launin tagulla gare ta. Ostireliya ma ta buga senti 50 a 1970 domin tunawa da Cook, sai dai tata kusurwa goma sha biyu gare ta, kuma hoton mutumin da taswirar ƙasar ne a kai.

Bayan haka a dubi siffar sarauniyar, domin iri uku ce, kuma kowace tana da zamaninta. Daga 1967 zuwa 1985 zanen Arnold Machin ne, inda take matashiya, kafaɗarta lulluɓe da mayafi. Daga 1986 zuwa 1998 zanen Raphael Maklouf ne, da cikakken kambi da sarƙar wuya da 'yan kunne. Daga 1999 kuma zanen Ian Rank-Broadley ne, wanda bai ɓoye shekarunta ba, kan ya cika fuskar kwandalar, kuma akwai ƙananan haruffa IRB a ƙarƙashin wuya. Amfanin sanin wannan shi ne, ko da shekara ta shafe saboda yawan shiga hannu, siffar kai za ta nuna zamanin, kuma idan shekara da siffa suka saɓa wa juna, to akwai dalilin yin shakka.

Mataki na uku: auna, ka gane tsohuwa da sabuwa

Hoton jirgin bai canja ba tun 1967, amma kwandalar kanta ta canja ƙwarai a 2006. Tsohuwar tana da faɗin milimita 31.75 da nauyin giram 13.61, an yi ta da haɗin jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25 cikin ɗari, kuma maganaɗisu ba ya kama ta. Sabuwar, wadda ta fara yawo ranar 31 ga Yuli, 2006, faɗinta milimita 24.75 ne, nauyinta giram 5, cikinta baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufi, saboda haka da an kusanto da maganaɗisu sai ta yi tsalle ta manne. An rage girman ne domin tsofaffin sulallan sun yi nauyi a aljihu kuma kuɗin ƙera su ya yi yawa, kuma kafin ƙarshen wannan shekara aka daina karɓar tsofaffin a kasuwa. Gidan buga kuɗi na Birtaniya ne ya buga na farkon a 1967, sababbin ƙananan kuwa a Kanada aka fara buga su.

Kada a manta da gefe. A mirgina tsohuwar a hankali a ƙarƙashin haske, za a ga tsage-tsagen gefenta ba su zagaye ta gaba ɗaya ba, akwai wuraren da aka bari sumul a tsakani, abin da ke taimaka wa makaho ya bambanta ta da sauran ta hanyar shafawa. Gefen sabuwar sumul yake duka. Akwai kuma ta 1969, wadda aka buga ƙalilan domin masu tara sulalla, da rubutu a gefenta na cikar shekara 200 da isowar Cook, tare da shekarun 1769 da 1969.

Dalilin da ya sa tsohuwar ta yi girma haka yana da alaƙa da lissafin da dattawanmu suka sani. Ranar 10 ga Yuli, 1967 Niyu Zilan ta bar fam da sule ta koma dala da senti, ta mai da sule goma dala ɗaya. Haka Najeriya ta yi ranar 1 ga Janairu, 1973, inda sule goma ya zama naira ɗaya. Ke nan senti 50 a can daidai yake da abin da aka daɗe ana kira sule biyar a nan, kuma ita ce kwandala mafi daraja da ke yawo a ƙasar har zuwa lokacin da aka fito da na dala ɗaya da dala biyu a farkon 1991. Saboda haka ba ƙaramin wuri aka ba jirgin ba.

Mataki na huɗu: san jirgin kafin ka karanta hotonsa

Nan ne ya kamata a daɗe, domin wanda bai san tarihin jirgin ba zai ga filafilai ne kawai. Ba domin yaƙi ko bincike aka ƙera Endeavour ba. A garin Whitby da ke arewa maso gabashin Ingila aka ƙera shi, a wurin maƙerin jirage Thomas Fishburn, aka saka shi a ruwa a 1764 da sunan Earl of Pembroke, kuma aikinsa dakon kwal ne a gaɓar tekun Ingila. Tsawonsa bai kai mita 30 ba, faɗinsa kusan mita 9, goshinsa mai faɗi, cikinsa mai zurfi, ƙasansa kuma shimfiɗaɗɗe. Ba shi da sauri, ba shi da kyan gani irin na jiragen yaƙi. Amma waɗannan siffofi su ne suka sa rundunar ruwan Birtaniya ta saye shi a 1768, domin jirgi mai faɗin ciki yana ɗaukar guzurin watanni masu yawa, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa kuma yana shiga ruwa marar zurfi, kuma ana iya jan sa bakin yashi a gyara ba tare da tashar jirage ba. Cook kansa a irin waɗannan jiragen kwal na Whitby ya koyi aikin teku tun yana saurayi, saboda haka ya san halinsu. A lokacin wannan tafiya ma muƙaminsa laftana ne, bai kai kyaftin ba tukuna.

An gyara jirgin a Deptford, aka ƙara masa ɗakuna, aka canja masa suna, ya tashi daga Plymouth a ƙarshen Agustan 1768 da mutum 94. Cikinsu akwai masanin tsirrai Joseph Banks da abokin aikinsa Daniel Solander, da mai zane Sydney Parkinson, da masanin taurari Charles Green. Aikin da aka bayyana wa duniya shi ne a je tsibirin Tahiti a kalli tauraruwar Zara, wadda muke kira matar wata, lokacin da za ta gitta ta gaban rana ranar 3 ga Yuni, 1769, domin idan aka auna wannan gittawa daga wurare masu nisa da juna ana iya lissafa tazarar da ke tsakanin duniya da rana. Amma akwai umarni na biyu na sirri, cewa bayan an gama a nausa kudu a nemi wata babbar nahiya da Turawa suke zaton tana can.

A Tahiti ne wani mutum ya shiga jirgin wanda bai kamata a tsallake sunansa ba, wato Tupaia, malamin addinin gargajiya kuma gwanin sanin hanyoyin teku daga tsibirin Raiatea. Da jirgin ya isa Niyu Zilan a watan Oktoba na 1769, sai aka tarar harshensa da na mutanen Maori, 'yan asalin ƙasar, suna da kusanci har suna fahimtar juna, ya zama shi ne tafinta kuma mai shiga tsakani. Cook ya shafe kusan wata shida yana kewaya ƙasar yana zana taswirarta, ya tabbatar da cewa manyan tsibirai biyu ne, ba gefen wata nahiya ba. Daga nan ya nufi gabashin Ostireliya, inda a daren 11 ga Yuni, 1770 jirgin ya hau kan duwatsun murjani ya huje. Ma'aikatan suka zubar da igwa shida da wasu kaya masu nauyi a teku, suka zura wani filafili ta ƙarƙashin jirgin ya toshe hujin, suka lallaɓa zuwa bakin wani kogi, suka ja shi kan yashi suka yi makonni bakwai suna gyara. Abin da aka hanga lokacin sayen jirgin kwal ke nan. A Batavia kuwa, wadda ita ce Jakarta a yau, zazzaɓin cizon sauro da atuni suka afka wa mutanen, kusan talatin suka mutu a can da kuma kan hanya, har da Tupaia da Green da Parkinson. Jirgin ya koma Ingila a watan Yuli na 1771.

Ƙarshensa ba na alfarma ba ne. An yi jigilar kaya da shi zuwa tsibiran Falkland, aka sayar da shi a 1775, aka mai da sunansa Lord Sandwich, ya yi dakon soja a yaƙin neman 'yancin Amurka, sannan a Agustan 1778 sojojin Birtaniya suka nutsar da shi da gangan tare da wasu jirage a mashigar Newport ta Rhode Island domin su tare wa jiragen Faransa hanya. A 2022 gidan tarihin teku na ƙasar Ostireliya ya sanar cewa ya gano ragowarsa a can, ko da yake masu binciken da suka daɗe suna aiki a wurin sun ce an yi gaggawar sanarwar.

Mataki na biyar: karanta hoton

Yanzu a juya kwandalar, a sa haske ya zo mata ta gefe, ba ta sama ba, domin inuwa ce take fito da siraran layuka. Wanda ya zana hoton shi ne James Berry, haifaffen Landan da ya yi ƙaura zuwa Niyu Zilan tun yana saurayi, kuma shi ya zana bayan dukan sulallan 1967. Da gilashi za a iya samun ƙananan haruffan sunansa, JB, a cikin zanen. A fara da ƙidaya dogayen itatuwan da ake ɗaura filafilai, za a samu uku, ga kuma wani da ya miƙe ta goshin jirgin. A dubi yadda filafilan suka cika da iska, da igiyoyin da suka sauko daga sama zuwa jikin jirgi, da ƙananan raƙuman ruwa a ƙarƙashi, da sunan ENDEAVOUR da aka rubuta ƙarara, abin da ya raba gardama. Wannan suna yana da amfani, domin a tafiyarsa ta biyu da ta uku Cook da jirgin Resolution ya yi, saboda haka ba duk jirgin da aka gani tare da sunan Cook ne Endeavour ba.

A bayan jirgin akwai dutse mai tsini. Wannan shi ne Taranaki, tsohon dutse mai aman wuta da ke yammacin tsibirin arewa, mai tsayin mita 2,518. Dutsen ne ke ba hoton lokaci da wuri, domin a watan Janairu na 1770 Endeavour ya wuce ta gabansa yana gangarawa kudu, Cook ya raɗa masa suna Egmont domin girmama wani tsohon shugaban hukumar jiragen ruwan Birtaniya wanda bai taɓa ganin dutsen ba. Saboda haka idan aka ga tsofaffin littattafan sulalla suna cewa Egmont, sababbi kuma suna cewa Taranaki, dutse ɗaya ake nufi. A 1986 aka amince da sunayen biyu a hukumance, a 2025 kuma majalisar ƙasar ta yi dokar da ta tabbatar da sunan Taranaki Maunga, domin mutanen Maori na yankin suna ɗaukar dutsen a matsayin kakansu.

Mataki na shida: nemi abin da hoton bai nuna ba

A ganina wanda ya tsaya a mataki na biyar bai gama aiki ba. A cikin hoton babu mutum ko ɗaya a bakin gaɓa, babu kwalekwale, babu gari, kamar jirgin ya iso ƙasar da ba kowa. Alhali kakannin Maori sun iso daga gabashin tsibiran Polinesiya kusan shekara 500 kafin Cook, da manyan kwalekwale, suna bin taurari da igiyar ruwa. Ko a cikin Turawa ma ba Cook ne na farko ba, domin Abel Tasman ɗan ƙasar Holan ya iso a 1642, ko da yake bai sauka ba. Saboda haka a guji cewa Cook ne ya gano Niyu Zilan. Abin da ya yi shi ne ya zana taswirarta da kyau ƙwarai, kuma taswirar ta buɗe wa masu kamun kifin teku da 'yan mishan da 'yan mulkin mallaka hanya.

Haɗuwar farko ma da jini ta soma. A wurin da ake kira Turanganui-a-Kiwa, inda birnin Gisborne yake a yau, mutanen jirgin sun harbe wani babban mutum mai suna Te Maro a ranar da suka fara sauka, kuma cikin 'yan kwanaki aka kashe Maori aƙalla tara. A Oktoban 2019, lokacin cikar shekara 250, jakadiyar Birtaniya a ƙasar, Laura Clarke, ta je wurin zuriyar waɗanda aka kashe ta bayyana nadamar gwamnatinta. Mai nuna wa ɗalibai wannan kwandala zai kyauta idan ya ajiye ta kusa da 'yan uwanta biyu: senti 10, mai sassaƙen fuska irin wanda ake kafawa a goshin zauren taron Maori, da senti 20, mai hoton sassaƙen Pukaki, wani shugaban ƙabilar Ngati Whakaue. Idan aka jera su uku, yaro zai ga mutanen gaɓa da mutanen jirgi tare.

Mataki na bakwai: kimanta lafiyarta da darajarta

Lalacewa tana farawa ne daga wuraren da suka fi tudu. A fuska a dubi gashin sarauniya da kambinta, a baya kuma a dubi cikin filafilai da siraran igiyoyi. Idan igiyoyin suna nan rarrabe ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙarfen yana da sheƙinsa na asali wanda ke juyawa idan aka karkata shi a haske, kwandalar ba ta sha hannu ba. Idan filafilan sun zama fili ɗaya sumul, ta yi yawo sosai.

Game da kuɗi, gara a faɗi gaskiya: an buga miliyoyin waɗannan sulalla, kuma wadda ta sha hannu ba ta da wata tsada. Waɗanda masu tarawa ke nema su ne waɗanda ba su taɓa shiga kasuwa ba, da ta 1969 mai rubutu a gefe, da wasu na 1967 da ke da ɗan ɗigo a saman lamba 1 na shekarar. Kada a ruɗu da farashin da wani ya rubuta a shafin sayar da kaya na intanet, domin kowa yana iya neman abin da ya ga dama, a duba nawa aka saya a zahiri. Wanda ya ce tsohuwar azurfa ce saboda farinta, a tuna masa cewa jan ƙarfe da nikel ne. Haka kuma ba kowace senti 50 ce ke da jirgi ba, domin a 2015 da 2018 an fito da wasu masu launi domin tunawa da yaƙin duniya na ɗaya.

Mataki na takwas: adanawa da rubuta bayani

Kada a goge ta da toka, ko lemun tsami, ko yashi, ko man goge ƙarfe. Gogewa tana sa ta ƙyalli na kwana biyu, amma tana cinye igiyoyin jirgin, kuma masani yana gane gogaggiyar kwandala da kallo ɗaya. Idan datti ne ya manne, a jiƙa ta a ruwa mai tsabta da ɗan sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye, a dangwala ƙyalle a kai har ta bushe sarai. Sabuwar ta fi buƙatar kulawa da damina, domin idan rufinta ya karce, baƙin ƙarfen ciki zai yi tsatsa. A sa kowace a 'yar ambulan ɗinta ta takarda ko gidan roba mai tauri, a guji leda mai laushi wadda ke barin koren danƙo a jikin ƙarfe, kuma kada a zuba su tare a gwangwani suna gugar juna.

A bayan ambulan a rubuta da fensir: ƙasa, daraja, shekara, mai zanen kai, faɗi, nauyi, irin gefe, ko maganaɗisu ya kama, da inda aka same ta da ranar da aka samu. Ta 1967, alal misali, za a rubuta mata: Niyu Zilan, senti 50, kan Machin, bayan Berry, milimita 31.75, giram 13.61, gefe mai tsage da sumul, maganaɗisu bai kama ba. A ƙasa a ƙara layi ɗaya game da hoton: Endeavour a gaban Taranaki, Janairun 1770.